Yadda Na Tallata Masarar Taubashina

Na yi wauta iri-iri a rayuwata, yawancinta kuma da baki na yi ta. Wannan ce kaɗai na yi da yatsa, manunin hannun dama, ina zaune bisa buhu a rumfata ta hatsi a Sheme, gilashi a kan hanci kamar wani alƙali. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya zuga ni. Har murmushi nake yi lokacin da nake yin ta.

Ni ban yi boko ba. Aji biyu na yi a firamare aka ce in zo in kama wa babana awon hatsi, na kama, ban sake saki ba. Ɗan karatun da na iya a jikin buhunan taki da allunan mota na tsince shi. Ina karanta Hausa, amma sannu a hankali, in na rubuta layi uku kuma sai na huta na sha ruwa. Malam ɗin da ake ce mani na furfura ne kawai.

Muna da ƙungiya ta manoma da 'yan kasuwar hatsi, daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Mun ɗan haura mutum ɗari. Da can guruf muke da shi a waya, sai ya lalace. Kowa ya jawo ƙanensa da surukinsa ya saka, ana ta turo hoton gawa da tallar maganin basir, har aka kasa sanin wa ke ciki. Sakatarenmu tsohon hedimasta ne a Faskari, mutum mai son tsari, wanda ko goro zai ba ka sai ya duba ranar. Shi ya rushe guruf ɗin ya ce daga yau sai imel. Adireshi ɗaya ne na ƙungiya, in ka aika saƙo can sai ya faɗa wayar kowane mamba. Ya kuma yi kundi, wani littafi mai koren bango, kowane mamba da layinsa: suna, gari, lambar waya, adireshin imel, sai lambar wani ɗan'uwa da za a kira in an neme ka ba a same ka ba. A ƙasarmu ba sai an yi wa kowa bayanin amfanin wannan lambar ta ƙarshe ba. Kundin ba ya fita daga gidan sakatare.

Ɗiyata, wadda ke aikin asibiti, ita ta buɗe mani nawa imel ɗin, ta nuna mani inda ake dannawa a karanta da inda ake dannawa a ba da amsa. Ta ce, "Baba, ka dai riƙa karantawa kawai." Na ce mata to. Wata guda na yi ina karantawa kawai, abin ya ishe ni.

Cikin ƙungiyar akwai taubashina, ɗan wan mahaifiyata. Shekara biyu ya ba ni, ya je Makka ban je ba, amma ban taɓa ce mashi Alhaji ba sai in zan ci mashi fuska. Bawana nake ce mashi, shi ma haka yake ce mani, mun fi shekara sittin ba mu gama shari'ar wane ne ubangidan wani ba. Wanda ya san wasan taubasai ya san ba a yin shi a ɗaki. In ba jama'a, ba wasa. Sai ka bari an taru wajen suna ko ɗaurin aure, sannan ka ɗaga murya ka ce a ɓoye tukunyar nama ga bawanka nan ya iso. Daɗin abin shi ne mutane su yi dariya, shi kuma ya rasa ta cewa. Da haka muka tashi.

To shi taubashin nawa, shekara biyu kafin wannan magana, mutanen daji sun ɗauke shi daga gonarsa ta bayan Mabai. Ya yi kwana arba'in da wani abu a hannunsu. Da ya dawo ba mu tambaye shi abin da ya gani ba, shi ma bai faɗa ba, sai dai ƙafarsa ta hagu ba ta koma daidai ba. Ya kwashe iyali ya koma cikin Ƙanƙara haya. Shekara ɗaya gonar ta kwana. Shekara ta biyu ya ce ba zai zauna yana auna masarar wasu a tiya ba alhali yana da ƙasa, ya sa aka shuka, aka yi noma a sace, yau a je gobe a ƙi zuwa. Allah Ya ba da damina, masara ta yi kyau ta bushe a kara.

Girbi ne mai wuya, don girbi ba ya ɓoyuwa. Dole mota ta shiga, irin ta kayan nan da ake ce wa kanta, dole mai gona ya tsaya a kai. Dabarar da kowa ke yi yanzu ita ce kada a faɗi rana. Mai mota sai daren jajibiri yake sanin inda za shi, 'yan ƙwadago sai sun hau mota. A shiga da sassafe, a karya, a loda, a fito kafin azahar. Ni na san ranar tasa ne don ya aiko a ara mashi buhuna arba'in, ya kuma ce wa ɗan aiken ya faɗa mani a kunne, su iso kafin Laraba.

Ran Litinin da hantsi sakatare ya turo saƙo cewa akwai taro ran Laraba a Faskari kan maganar taki. Mutane suka yi ta amsawa, wannan ya ce Allah Ya kai mu, wancan ya ce zai zo. Sai ga taubashina: "A yi mani uzuri, ina da wata hidima."

Da na ga wannan layin sai na ji kamar an ajiye mani tuwo da man shanu. Ga jama'a an taru, mutum ɗari da wani abu, ga bawana ya miƙo wuya. Na gyara gilashi. Na fi minti ashirin ina neman haruffa, ga abin da na rubuta, ban manta ko kalma ɗaya ba:

"Hidimar ƙarya. Jama'a bawana Laraba da safe zai lallaɓa bayan Mabai da kanta ya kwashe masara. Buhunana ya ara. Duk mai son zakka ya tare shi a hanya."

Ba kuskuren dannawa na yi ba, kada wani ya yi mani wannan uzurin. Na san kowa zai gani, don haka ma na rubuta. A kaina majalisa ce, ina ganin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, duk mutanen da muka ci kasuwa tare. Na danna, na sa wayar a aljihu, na auna wa wata mata gero ina jiran dariya.

Mutum biyu sun yi dariyar. Na uku sakatare ne, shi kuma kira ya yi.

"Malam, kana ina?"

"Ina rumfa. Ka ga yadda na yi da bawana?"

"Na gani. Rufe rumfar ka taho Faskari yanzu."

"Lafiya?"

"Ka taho dai. Kada ka ƙara rubuta komai. Ko amin kada ka rubuta."

A kan mashin ɗin ɗan acaɓa ne abin ya fara sauko mani. Na sake karanta saƙon a zuciyata, wannan karon ba da muryata ba. Rana, lokaci, wuri, irin mota. Har na ce a tare shi a hanya. Da wani ne ya biya infoma ya kawo mashi labari, ba zai samu wanda ya kai nawa tsabta ba.

Na iske sakatare a zaure, kwamfutarsa a kan tabarma, koren kundin a gefe. Bai ce mani in zauna ba, na zauna.

Na ce, "Malam, ai duk 'yan'uwa ne a ciki. Ba kai ka tace mu ba?"

Ya ce, "Mutane na tace. Ban tace wayoyinsu ba. Riƙe wannan."

Ya ba ni rula da fensir. Shi zai karanta adireshi daga kwamfuta, cikin jerin waɗanda saƙon ƙungiya ke zuwa wa, ya faɗi sunan mai shi, ni kuma in nemo layin a kundi in sa alama. Aikin da ɗan aji uku zai yi cikin rabin awa, mu sai da muka kai la'asar, don ni nake nemo sunayen. Duk sanda na daɗe a shafi sai ya dube ni ta saman gilashi, irin kallon da ya yi shekara talatin yana yi wa yara.

Adireshi biyu suka rage ba su da layi a kundi. Sakatare ya yi kira nan, ya yi kira can. Na farko na wani mamba ne na Daudawa da ya buɗe sabo bai faɗa ba. Na biyu na ɗan shugaban ƙungiya ne, shi ke karanta wa ubansa. Na sauke numfashi, har bakina ya fara dawowa.

Na ce, "To ka gani. Ka sa na rufe rumfa ranar ciniki."

Bai kula ni ba. Ya jawo wani littafin, na halartar taro, ya aza kusa da kundin. Ya ce yanzu kuma waɗanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba, ba su zo taro ba, ba su amsa saƙo ba tun farkon damina. Mutum shida ya fitar. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana jinya, wancan ba ya sayen data, wani ya ce shi ya manta ma yana da imel. Na biyar wani manomi ne daga yankin Sabuwa, mutum shiru-shiru, ko fuskarsa ban iya tunawa sosai. Lambarsa ba ta shiga. Sakatare ya bi layin da yatsa zuwa gidan ƙarshe, ya kira lambar ɗan'uwa. Ƙanensa ne ya ɗauka, aka kai mashi wayar. Sakatare ya buɗe murya don in ji.

Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, muna ta neman layinka ba ya shiga."

"Ai wayar tana daji, Malam."

"Daji kamar yaya?"

"Sun tare mu a hanya wata huɗu ke nan. Mu dai Allah Ya sa sun bar mu, amma sun karɓe wayoyi da mashin."

"Wayar a kulle take?"

"Wane kulli? Ni ban iya wannan zane-zanen ba. A buɗe take."

"Imel ɗin ƙungiya fa, yana ciki?"

"Duk abin da kuka sa mani yana ciki. Halan wani abu ya faru?"

Sakatare ya ce ba komai, ya yi mashi jaje, ya ba shi haƙurin rashin sani, ya kashe. Nan take ya cire adireshin daga jeri. Na ce to shi ke nan an cire. Ya ce an rufe ƙofa ne, amma nawa saƙon ya riga ya shiga tun hantsi.

Na ce, "Malam, tsakani da Allah, mutanen nan ina suka iya imel?"

Ya ce, "Kai ma ai ba ka iya ba."

Daga nan ya yi mani bayani a hankali, wanda ya fi faɗa ciwo. Mai yiwuwa wayar ta mutu tuni. Mai yiwuwa an sayar da ita an goge komai. Mai yiwuwa kuma tana hannun wani a cikin gari, cikin masu kai masu burodi da mai, wanda ya yi sakandare, kullum saƙonmu na faɗo mashi yana karantawa: wa ya samu taki, wa zai aurar da ɗiya, yaushe taro. Ba mu sani ba, ba kuma hanyar da za mu sani.

Muka kira taubashina, a kashe. Muka sake, a kashe. Tun da ya dawo daga daji haka yake, sai ya ga dama yake kunna waya, ya duba abin da zai duba ya kashe. Sakatare ya tura mashi saƙo shi kaɗai, ba amsa. Lambar ɗan'uwa da ke layinsa a kundi kuwa, da muka duba, tawa ce. Ni ne mutumin da ya rubuta a kira in an neme shi ba a same shi ba.

Sakatare ya rufe kundin. Ya ce, "Yamma ta yi, hanyar Ƙanƙara ba ta biyuwa yanzu. Gobe motar farko. Da bakinka za ka faɗa mashi."

Ran Talata tun bakwai ina tasha. Motar farko ba ta tashi sai an ga wata ta fito daga can ɓangaren, direba ya tambayi direba yaya hanya. Sai wajen tara muka ɗaga, motoci uku a jere. Ba mai magana a ciki. Ni da ake roƙo in yi shiru a mota, ran nan wata tsohuwa har tambayata ta yi ko ba ni da lafiya. Da muka zo daidai Mabai na leƙa ta taga, ga gonaki nan wasu an girbe wasu na tsaye, ga 'yar hanyar da ke shiga wajen tasa. Wasu mutum biyu na zaune bisa mashin a bakinta. Ƙila masu gona ne. Na bi su da ido har wuyana ya ƙage.

Na iske taubashina a ƙofar gida bisa tabarma, ya miƙe ƙafar nan tasa, yana ɗinke bakin wani buhu da ya yage. Da ya hango ni ya washe baki.

"A'a, bawa ya zo gaida ubangidansa. Zakkar ce ta kawo ka tun kafin a girbe?"

Ashe ya karanta. Na zauna ban rama ba. Nan ya ajiye basillar, don bai taɓa jefa mani magana ta faɗi ƙasa ba.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Alhaji."

"Alhaji kuma? To faɗi."

Na faɗa mashi duka, kundin da rula da mutumin Sabuwa da wayar da ke daji. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana kallon ƙafarsa.

"Sun karanta?"

"Ba a sani ba."

"Sakatare ya ce me?"

"Ya ce ba a sani ba."

"To me ka zo faɗa mani? Ka zo ka ce mani ba a sani ba?"

"Na zo in ce kada ka je gobe."

"Masarar fa? Ka san kwana nawa ta yi a bushe? Maƙwabcina na gabas ya kwashe tasa, na arewa ya kwashe. Tawa kaɗai ke tsaye kamar tuta. Duk wanda ya wuce ya san ba mai tsaron ta."

"A sa wata rana."

"Mai kantar nan sati biyu na yi ina bin shi. Kana tsammani irin jakinka ne da za a kwance a ɗaure?"

Na ce a je yau. Ya ce rana ta yi, 'yan ƙwadago sun watse. Na ce ni zan je a madadinsa, in tsaya a kan aikin. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in an ɗauke ni wa zai iya ciyar da ni a daji. Wannan ne wasan ƙarshe da ya yi mani ran nan, ba kuma wanda ya yi dariya.

Matarsa ta yi sallama daga bayan ƙofa. Ashe tana ji. Ko gaisuwar da ta saba yi mani da tsokana ba ta yi ba. Shi ta ce wa, "Alhaji, in ka tafi gobe, ni ba zan sake zaman kwana arba'in ina kallon ƙofa ba." Ta koma ciki.

Can ya ce ko da zai je, ba zai ɗauki ɗan mutane da motarsa da yaran mutane goma sha biyu ya shiga da su ba tare da sun sani ba. Ya kunna waya ya kira mai kanta, ina zaune, ya faɗa mashi gaskiya, sai dai bai ce ni ne ba, cewa ya yi maganar ta fita. Ina jin muryar direban yana cewa, "Alhaji ka yi haƙuri, ina da 'ya'ya." Shi ke nan Laraba ta rushe.

Ran Larabar na je taron taki na zauna can baya. Sakatare ya kafa doka: ba a ƙara rubuta ranar tafiyar kowa ko wurin da za shi, duk wanda wayarsa ta ɓace ya sanar a ranar, kuma duk wata uku za a bi kundi a kira kowa. Bai ambaci sunana ba. Bai ma buƙata, kowa na da saƙon a aljihu. Da yamma aka ce an ga mashina sun gitta ta bayan Mabai da hantsi. Wani kuma ya ce ai kusan kullum suna gittawa.

Sai bayan kwana goma sha ɗaya taubashina ya samu wata motar. Bai faɗa mani ranar ba, daga baya na ji. Sun shiga sun fito lafiya. Amma an riga su: gefen gonar na yamma an karye shi tas, shanu kuma sun bi ta tsakiya. Abin da ya samu bai kai rabin abin da ya shuka domin shi ba. Ko mutanen daji ne, ko na gari ne da suka ga gona ba mai ita, wannan ma ba a sani ba.

Na auna buhu biyar daga rumfata na aika mashi. Ya karɓi biyu don kada a ce ya ƙi, ya maido uku.

Mun sake haɗuwa bayan wata guda, wajen sunan jikan wani ɗan'uwanmu a Ƙanƙara. An taru, an ci an sha, mutane sai kallonmu suke suna jiran a fara, don sun saba in muna wuri ba a rasa abin dariya. Na kasa. Da aka watse ya ce in raka shi bakin titi. Muna tafe a hankali saboda ƙafarsa, sai ya tsaya ya dafa kafaɗata, kamar mai hutawa.

Ya ce, "Kullum sai na lissafa abin nan. Da ba ka zo ran Talata ba, da na tafi. Ko in dawo da masarata cif, ko kada in dawo sam. Kai da ka iya magana, faɗa mani: gode maka zan yi, ko me?"